Salimuzzaman Siddiqui: Masanin da ya shigar da darbejiya ɗakin bincike

A duk lokacin da likitan zuciya ya yi wa majinyaci allurar ajmalin domin gano ko yana ɗauke da wata cuta mai tsayar da zuciya farat ɗaya, to yana amfani ne da sinadarin da aka fara tsamowa daga saiwar wani tsiro a birnin Delhi na ƙasar Indiya, a shekarar 1931.

Wanda ya tsamo shi shi ne Farfesa Salimuzzaman Siddiqui, masanin kimiyyar sinadarai da aka haifa a Indiya, ya kuma rasu a Pakistan a shekarar 1994.

Shi ne kuma ya fara fitar da wasu daga cikin sinadaran da ke sa man darbejiya ɗaci, itaciyar da a wasu sassan ƙasar Hausa ake kira dogon yaro, ko maina, ko bedi.

Marigayin ya shafe fiye da shekaru 60 yana bin sawun tambaya guda: mene ne ainihin abin da ke aiki a cikin saiwoyi da sassaƙe da ganyayen da masu maganin gargajiya ke bai wa jama'a, kuma nawa ne adadinsa?

Asalinsa

An haifi Salimuzzaman Siddiqui ne ranar 19 ga watan Oktoban 1897 a garin Subeha, kusa da birnin Lucknow a arewacin Indiya, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya.

Ya tashi a gidan Musulmi masu ilimi, inda ya fara da karatun Urdu da Farisanci, harsunan adabi na Musulmin yankin a wancan zamani.

Yayansa, Chaudhry Khaliquzzaman, ya zama ɗaya daga cikin jiga-jigan jam'iyyar Muslim League, kuma yana cikin waɗanda suka goyi bayan ƙudurin Lahore na 1940, wanda ya share fagen kafa ƙasar Pakistan.

Shi kuwa Salimuzzaman bai bi hanyar siyasa ba. Ya shiga kwalejin Aligarh, wadda Sir Syed Ahmad Khan ya kafa domin bai wa 'ya'yan Musulmi ilimin zamani, ya kuma kammala a 1919.

Abin lura a nan shi ne digirinsa na farko a fannin falsafa da harshen Farisanci ne. Sai daga baya ya rungumi kimiyya.

A 1920 ya tafi Landan da niyyar karatun likita, amma bayan shekara guda ya sauya shawara, ya wuce jami'ar Frankfurt a ƙasar Jamus domin nazarin kimiyyar sinadarai.

Karatu a Jamus

A wancan lokaci Jamus ce kan gaba a duniya a wannan fanni. Manyan masana'antun rini da na magunguna a can suke, kuma ɗalibai daga nahiyoyi daban-daban can suke neman zuwa, duk kuwa da halin ƙuncin da ƙasar ta shiga bayan Yaƙin Duniya na Farko.

Reshen da ya zaɓa shi ne wanda ke nazarin sinadaran da aka gina su a kan kabon, wato irin waɗanda jikin tsirrai da dabbobi ke sarrafawa, kamar sukari da mai da launin shuni.

Malaminsa shi ne Farfesa Julius von Braun, wanda ya yi fice wajen gano hanyar warware wasu sinadarai masu ɗauke da naitirojin domin a san yadda aka gina su.

Wannan horo ya dace da rukunin sinadaran da ake kira alkaloyid, waɗanda galibinsu masu ɗaci ne, kuma ɗan kaɗan daga cikinsu kan yi tasiri mai ƙarfi a jikin ɗan Adam.

Kwinin na maganin zazzaɓin cizon sauro yana cikin wannan rukuni. Haka ma sinadarin da ke cikin goro mai hana barci, da wanda ke cikin taba mai sa mutum ya kasa barinta.

A 1924 ya auri wata Bajamushiya abokiyar karatunsa, a 1927 kuma ya samu digirin digirgir.

Hakim Ajmal Khan

Mutumin da ya fi kowa tasiri a kan alƙiblar rayuwarsa shi ne Hakim Ajmal Khan, shahararren mai magani na birnin Delhi.

Hakim Ajmal Khan ya gaji ilimin ɗibbun da a Indiya ake kira Yunani, wanda asalinsa daga Girkawa ne, malaman Musulunci irin su Ibn Sina suka faɗaɗa shi, ya kuma isa Indiya ta hannun Musulmi.

Ya kasance ɗan gwagwarmayar neman 'yanci, ya taɓa shugabantar jam'iyyar Congress, yana kuma cikin waɗanda suka kafa jami'ar Jamia Millia Islamia a 1920.

A zamaninsa likitocin mulkin mallaka kan ɗauki maganin gargajiya a matsayin camfi, yayin da wasu masu maganin ke ganin duk wani gwaji na zamani cin fuska ne ga abin da suka gada.

Hakim Ajmal Khan ya bi wata hanya ta daban. Ya kafa kwalejin Tibbia a Delhi domin koyar da ɗibbun Yunani da na Ayurveda na Hindu, ya kuma ƙuduri aniyar buɗe sashen bincike inda za a auna magungunan da ma'aunin kimiyya.

Matashi Siddiqui ya zaɓa domin wannan aiki. Sai dai Allah ya yi wa Hakim Ajmal Khan rasuwa a watan Disamban 1927, kafin ya ga sakamakon abin da ya shuka.

Dr Siddiqui ya zama daraktan farko na sashen binciken, inda ya yi aiki na kimanin shekaru goma.

Saiwar maganin hauka

Daga cikin tsirran da ya fara bincike a kansu akwai wanda masana ke kira Rauwolfia serpentina, Indiyawa kuma ke kira sarpagandha.

An daɗe ana sayar da saiwarsa a kasuwannin arewacin Indiya a matsayin maganin taɓin hankali da rashin barci da saran maciji.

Aikin fitar da sinadari daga saiwa a wancan zamani aiki ne na haƙuri. Sai an busar da saiwar, a niƙa, a jiƙa a ruwan sifirit, a ƙafar da ruwan, sannan a riƙa rarraba abin da ya rage ta hanyar amfani da asid da kishiyarsa, har sai an samu ƙwayoyi masu ƙyalli kamar na gishiri.

Daga nan sai a auna zafin da ƙwayoyin ke narkewa, a sake tacewa, a sake aunawa, har a tabbatar da cewa sinadari guda ne tsantsa ba gauraye ba. Na'urorin da a yau ke bayyana siffar sinadari cikin sa'o'i ba su wanzu ba tukuna.

A 1931, shi da abokin aikinsa Rafat Husain Siddiqui suka wallafa sakamakonsu a mujallar ƙungiyar masana sinadarai ta Indiya, inda suka bayyana jerin sababbin alkaloyid da suka samu.

Babba daga cikinsu ya raɗa masa suna ajmalin, domin tunawa da Hakim Ajmal Khan. Sauran sun haɗa da ajmalinin da ajmalisin da sarpentin da sarpentinin.

Kowane ƙwayar ajmalin na ɗauke da zarrar kabon 20, da haidirojin 26, da naitirojin 2, da oksijin 2. Amma gano yadda suka sarƙafu da juna ya ɗauki fiye da shekaru 20, kuma sai da manyan masana irin su Robert Robinson na Oxford da Robert Woodward na Harvard suka sa hannu kafin a warware shi a shekarun 1950.

An gano cewa ajmalin na rage saurin saƙon lantarki da ke ratsa tsokar zuciya, don haka aka riƙa amfani da shi wajen daidaita bugun zuciyar da ya rikice.

Bayan da aka bayyana cutar Brugada a 1992, wata cuta da ake gado wadda kan kashe matasa ba zato ba tsammani, sai allurar ajmalin ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin da likitoci ke bi su fito da alamunta a na'urar auna bugun zuciya.

Wani abin da binciken nasa ya nuna shi ne saiwar da aka haƙo a jihar Bihar da wadda aka haƙo a yankin Dehradun ba su ɗauke da sinadarai iri ɗaya, ko da yake tsiron guda ne.

Ma'anar wannan ita ce, cokali guda na garin saiwa daga wuri kaza ba lallai ne ya yi aikin cokali guda daga wani wurin ba. Wannan ita ce babbar matsalar maganin gargajiya a ko'ina, kuma ita ce hujjar aikin da ya sa a gaba.

A cikin waɗannan shekaru ya kuma yi nazarin sassaƙen wata itaciya da ake kira kurchi, wadda Indiyawa ke sha domin maganin atini, ya fitar da wasu sababbin alkaloyid daga cikinta.

Abin da ya kuɓuce

Duk da wannan nasara, sinadarin da ya fi kawo wa saiwar sarpagandha suna da kuɗi bai faɗo hannunsa ba.

Tun a 1931 wasu likitoci biyu a Kalkata, Gananath Sen da Kartick Chandra Bose, suka ba da rahoton cewa saiwar na saukar da hawan jini, tana kuma kwantar da masu taɓin hankali. A 1949 wani likitan Bombay, Rustom Jal Vakil, ya wallafa sakamakon gwajinsa a wata mujallar likitocin zuciya ta Birtaniya, lamarin da ya ja hankalin kamfanonin Turai.

A 1952 masu bincike na kamfanin Ciba da ke birnin Basel a Suwizalan, ƙarƙashin Emil Schlittler, suka tsamo sinadarin resarpin daga saiwar.

Resarpin ba ya narkewa a asid cikin sauƙi kamar 'yan uwansa, saboda haka yakan maƙale a cikin ƙaron da ke saura bayan tacewa, inda tsofaffin hanyoyin bincike ba sa kaiwa. Kamfanin na da sababbin dabarun rarrabewa, da dabbobin gwaji, da kuɗin da zai bi kowane kaso ya ga wanne ne ke saukar da jini.

An sayar da maganin da sunan Serpasil, ya kuma zama ɗaya daga cikin magungunan hawan jini na farko masu aiki da gaske, aka kuma yi amfani da shi a asibitocin masu taɓin hankali a Amurka da Turai.

Buƙatar saiwar ta yi yawa har kamfanoni suka juya ga wata 'yar uwarta da ke tsiro a dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ciki har da kudancin Najeriya.

Daga baya an rage amfani da resarpin saboda illolinsa da kuma fitowar magungunan da suka fi shi. Amma labarin ya nuna yadda tsiron Indiya, da ilimin masu maganin Indiya, da rahoton likitocin Indiya, suka zama riba ga wanda ke da ingantaccen ɗakin bincike.

Darbejiya

A 1940 Dr Siddiqui ya koma hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta Indiya, wadda aka kafa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ƙarƙashin jagorancin Shanti Swarup Bhatnagar.

A nan ne ya fuskanci darbejiya, itaciyar da asalinta daga yankin Indiya ne, inda tun zamanin da ake asuwaki da ita, ana kuma amfani da ganyenta da manta wajen maganin cututtukan fata da korar ƙwari daga hatsi.

A 1942 ya fitar da sinadarai uku masu ɗaci daga man 'ya'yanta, ya kira su nimbin da nimbinin da nimbidin. Daga nan ne binciken zamani kan sinadaran itaciyar ya kankama.

A 1968 wasu masana a Birtaniya, David Morgan da abokin aikinsa, suka gano azadiraktin, sinadarin da ke hana fara da wasu ƙwari cin ganye. Siffarsa ta yi sarƙaƙiya ta yadda sai a 2007 ne ayarin Farfesa Steven Ley na Cambridge ya iya haɗa shi a ɗakin bincike, bayan aikin shekaru 22.

An kawo darbejiya Afirka ta Yamma ne a zamanin mulkin mallaka, a yau kuma ita ce inuwar titunan Maiduguri da Sakkwato da Katsina da Maraɗi. Tun daga 1975 aka dasa layukanta a kwarin Majiya na Jamhuriyar Nijar domin tare iska, alhazai ma kan sha inuwarta a filin Arfa.

Jama'a da dama kan dafa ganyenta su sha ko su yi surace idan zazzaɓi ya kama su.

Sai dai har yanzu babu wani sinadarin darbejiya da ya maye gurbin magungunan zazzaɓin cizon sauro da aka tabbatar da ingancinsu. Likitoci a Indiya da Malesiya sun kuma ba da rahoton jariran da suka kamu da amai da jijjiga, wasu har suka rasu, bayan an ɗura musu man darbejiya.

Abin da ke kashe ƙwaro yana iya cutar da yaro, kuma sai an san sinadarin da adadinsa ne za a iya raba magani da guba.

Ƙaura zuwa Pakistan

Lokacin da aka raba Indiya gida biyu a 1947, yayansa ya koma Pakistan, shi kuwa ya ci gaba da aikinsa a Indiya.

Sai a 1951 ya ƙaura zuwa Karachi, bisa gayyatar Firayim Minista Liaquat Ali Khan, wanda aka kashe a watan Oktoban wannan shekarar.

Sabuwar ƙasar ba ta gaji wani abin kirki ba ta fuskar cibiyoyin bincike, domin galibinsu sun faɗa ɓangaren Indiya.

A 1953 aka kafa hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta Pakistan, shi ne kuma ya jagorance ta har zuwa 1966, inda aka buɗe ɗakunan bincike a Karachi da Lahore da Peshawar da kuma Dhaka, wadda a lokacin take Gabashin Pakistan.

Yana kuma cikin waɗanda suka kafa majalisar masana kimiyya ta Pakistan a wannan shekara ta 1953.

Aikin ofis bai raba shi da tsirrai ba. A waɗannan shekaru ya yi nazarin 'ya'yan harmal, tsiron da ake turare da shi a ƙasashen Gabas ta Tsakiya da Asiya.

A 1961 aka zaɓe shi mamba a ƙungiyar Royal Society ta Landan, shekaru biyu bayan zaɓen ɗan ƙasarsa Abdus Salam, masanin fiziya da ya samu kyautar Nobel a 1979. Fadar Vatican ma ta sanya shi cikin majalisarta ta masana kimiyya.

Cibiyar Karachi

A 1967, yana dab da cika shekaru 70, lokacin da sa'o'insa ke hutawa, jami'ar Karachi ta nemi ya kafa cibiyar horar da masu neman manyan digirori a kimiyyar sinadarai.

Cibiyar ta fara ne a matsayin ɗan ƙaramin sashe a cikin jami'ar. A shekarun 1970 wani attajiri, Latif Ebrahim Jamal, ya ba da gudummawa mai tsoka domin tunawa da ɗan uwansa Husein Ebrahim Jamal, aka kuma sa wa cibiyar sunan marigayin, wanda ake taƙaitawa da HEJ.

Gwamnatin Jamus ta taimaka da na'urori, ta yadda ɗalibi zai iya tsamo sinadari, ya kuma gano siffarsa a nan Karachi, ba tare da ya aika da samfurinsa Turai ba.

Farfesa Siddiqui ya sake komawa kan darbejiya a shekarun 1980, yana da shekaru sama da 80, inda shi da ɗalibansa, ciki har da mata irin su Bina Siddiqui da Shaheen Faizi, suka fitar da gomman sababbin sinadarai daga ganyenta da 'ya'yanta da saiwarta.

A wannan cibiya ce kuma Farfesa Atta-ur-Rahman da abokan aikinsa suka gano wani sabon alkaloyid a cikin habbatus sauda a 1985.

A 1990 ya miƙa ragamar cibiyar ga Atta-ur-Rahman, wanda daga baya ya zama ministan kimiyya da fasaha na Pakistan.

Cibiyar ta karɓi masu bincike da dama daga ƙasashe masu tasowa, ciki har da 'yan Najeriya da Kamaru da Sudan, waɗanda kan tafi da samfurin tsirran ƙasashensu domin tantance abin da ke cikinsu.

Zane da adabi

Tun yana ɗalibi a Jamus ya yi suna wajen zane, har aka baje kolin ayyukansa a Frankfurt a shekarun 1920, daga baya kuma a Indiya da Pakistan.

Ya fassara waƙoƙin marubucin Jamusanci Rainer Maria Rilke zuwa Urdu, ya kuma kasance masanin waƙoƙin Urdu da Farisanci.

A fagen kimiyya ya wallafa maƙalu fiye da 300. Jami'ar Frankfurt ta karrama shi da digirin girmamawa a 1958, gwamnatin Pakistan kuma ta ba shi lambar yabo ta Hilal-e-Imtiaz a 1980.

Rasuwarsa

Allah ya yi wa Farfesa Salimuzzaman Siddiqui rasuwa ranar 14 ga watan Afrilun 1994 a Karachi, yana da shekaru 96 a duniya. An yi jana'izarsa aka binne shi a maƙabartar jami'ar Karachi.

A shekarar da ya rasu, ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Turai ya bai wa kamfanin W.R. Grace na Amurka da ma'aikatar aikin gona ta ƙasar haƙƙin mallakar wata hanya ta amfani da man darbejiya wajen kare amfanin gona daga cutar ruɓa.

Masu fafutuka daga Indiya da Turai suka ƙalubalanci matakin, suka gabatar da shaidar cewa an san wannan amfani a Indiya tun kafin kamfanin ya nemi rajista. An soke haƙƙin a shekarar 2000, aka kuma yi watsi da ƙarar da aka ɗaukaka a 2005.

Abin da ya yanke shari'ar shi ne shaidar gwaje-gwajen da aka riga aka yi, wadda za a iya nunawa da kwanan wata da adadi.

A ƙasar Hausa, inda ake da marke da sabara da bagaruwa da tafasa da sauran ɗaruruwan tsirran magani, da yawa daga cikin ilimin da ke kansu na nan a ƙwaƙwalwar dattawa, kuma yakan tafi tare da su.

Cibiyar raya magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta nuna cewa irin aikin Siddiqui mai yiwuwa ne, lokacin da ta sarrafa wani haɗin gargajiya ya zama maganin Niprisan na rage raɗaɗin cutar amosanin jini.

Hanyar da marigayin ya bi a Delhi da Karachi ita ce a saurari mai magani, a ɗauki saiwarsa, a tsamo abin da ke ciki, a auna, a rubuta, sannan a horar da waɗanda za su ci gaba da aikin.